Jirgin da Ke Cewa Sai Haƙuri

Na san abin da kuke faɗa a kan ƙarfen nan da ke lulluɓe da tsohon tanti a bayan ɗakin awaki. Kun ɗauka ba na ji, to ina ji sarai. Kuna cewa a kansa na zubar da gonar Jiratawa, a kansa na narka tasar uwarku, duk don in yi wasan yara da furfura a kaina. Gonar ta tafi, gaskiya ne, tasar ma ta narke. Sai dai a shekarar yawancinku kuna Yamai da Damagaram, wasu karatu wasu aure. Daga bakin maƙwabta kuka ji labarin, su kuma ta saman katanga suka gani. Shi ya sa na zauna zan rubuta muku yadda aka yi tun uwarku tana raye, don in na ƙara gishiri ta tsame shi.

Maganar ta faro ne daga kakanku, Baba Nomau na Tibiri. Da ƙuruciyarsa ya bi kamiyon gyaɗa, babbar motar kaya, har Kano, ya zauna can yana dako a inda ake loda wa jirgin ƙasa kaya. Ya dawo gida da ranƙwafaffen baya da labari guda ɗaya, kuma labarin nan ya bi shi har tsufa. Cewa yake jirgi yana magana. Ba usur ɗinsa yake nufi ba, wannan kowa ya yarda da shi. Yana nufin in jirgi ya tashi daga tasha, hayaƙi na fita ta hancinsa, to Hausa yake yi tsantsa, yana cewa sai haƙuri, sai haƙuri, sai haƙuri. Mutanen Tibiri ba su taɓa ganin layin dogo ba balle jirgi, sai suka mai da abin dariya, har suka laƙa masa suna Sai-haƙuri. Da wannan sunan yara ke kiransa a bayan idonsa, manya kuwa a gabansa.

Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kama sunana ba, bai taɓa dafa ni a gaban mutane ba. “Kai wanga” yake ce mini, har na yi jikoki. Amma ni kaɗai nake zama in saurari labarin, ba don na fi sauran ladabi ba, sai don ina da ciwon da kuka san ni da shi: ba na iya ganin abu a rufe in bar shi. Ina tambayarsa ta ina maganar ke fita, me ke tura ƙafafun, me ya sa wuta da ruwa za su ja ƙarfe.

“Ni mi na sani?” in ji shi. “Buhu nika ɗauka. Na dai ji da kunnena.”

Wannan amsa ta yi mini ƙaiƙayi shekara da shekaru. Da na girma na je Kano sayen kayan gyara, na ratse har tasha don in ji da kaina, sai na tarar masu hayaƙin sun daɗe da mutuwa. Wanda na gani mai ne yake sha kamar babbar mota, gurnani kawai yake yi, ko harafi ɗaya ban tsinta ba. Na dawo ban gaya wa Baba ba. Na kama sana'ata ta gyaran injin ban ruwa a Jiratawa, na samu ɗan fili a cikin fadamar ina albasa da tattasai, na yi gida a unguwar Zariya nan Maraɗi, na haife ku. Maganar jirgi ta kwanta.

Shekarar da nake ba ku labari, idon Baba ya rufe gaba ɗaya, muka ɗauko shi daga Tibiri ya dawo wurinmu. Mutumin da ya saba zaga gari sai ga shi a kan tabarma gindin bedi, wato dalbejiya, daga safe har la'asar, ba ya ko neman hira. Wata rana bayan azahar ina zaune kusa da shi ina duba yadda ake kwance wani inji a salula, sai wani bidiyo ya faɗo mini. Wasu tsofaffin Turawa ne, da tumbinsu da hulunansu, sun hau wani ɗan jirgin ƙasa da bai fi tunkiya girma ba, suna zaga lambu. Ba na batir ba ne. Wuta ce a cikinsa ta gaske, da ruwa, da hayaƙi. Ina cikin mamaki sai na ga Baba ya miƙe zaune, ya karkato kunne.

“Kai wanga, mi ne ne wannan? Maido shi.”

Na mayar. Ya ɗaga yatsa sama kamar mai jiran kiran salla.

“Ga shi nan! Ka jiya? Shi ne. Amma wanga cikin gwangwani shika magana.”

Ni ban ji komai ba sai cak-cak-cak. Amma na ga fuskarsa, rabon da in ga haƙoransa tun kafin idon ya tafi. Ba zan yi muku ƙarya in ce tausayi ne ya fara tura ni ba. Tsohon ƙaiƙayin nan ne ya motsa. Na ce a raina, in waɗannan tsofaffi sun ƙera nasu a bayan gida, ni da na yi rayuwata cikin ƙarfe me zai hana? In na ƙera, zan ji da kunnena ko ƙarfe na iya Hausa, kuma Baba zai ji shi a fili, ba a cikin gwangwani ba.

Abin a baki ba shi da wuya. Tukunya ce a kwance, wuta a gindinta, ruwa ya tafasa, tururi ya rasa hanya sai ya bi ta bututu ya tura fistan, wato ɗan ƙarfen nan da ke kai da komowa. Fistan ɗin yana da hannu, hannun ya kama ƙafar jirgi ya juya ta. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Tururin da ya gama aiki ya fita ta hanci tare da hayaƙi, wannan fitar ita ce muryar. A hannu kuwa ya ci mini damina da kaka. Tukunyar da guntun bututun rijiyar burtsatse na yi ta, mai kaurin gaske, wanda na tsinta a Jiratawa. Ƙananan bututun jan ƙarfe daga matattun firji na ciro su. Ƙafafu na yanka daga faifan ƙarfe, na fiƙe su a ɗan injina har suka yi santsi. Tukunyar ita na fi tsoro, don na san tururi ba ya wasa. Sai da na ɗura mata ruwan sanyi na matsa da famfo fiye da abin da wuta za ta taɓa yi, na ga ko ɗigo babu, sannan na yi mata ɗan murfin da ke sakin tururi da kansa in ya yi yawa.

Unguwa kuwa ta samu abin yi. Ƴan kabu-kabun da ke tsayawa a bakin layinmu suka ce injin gugguru ne. Wata mata ta aiko da roba cike da tumatir a markaɗa mata. Da na fara shimfiɗa dogo daga zaure, ya bi ta gefen bedi ya nufi ɗakin awaki, sai uwarku ta tsaya a kaina da muciya a hannu.

“Malam, yanzu in zan kai ma awaki dusa sai na sayi tikiti?”

Na ce mata matar direba kyauta take hawa. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta tsallake dogon ta wuce.

Bayan an gama girbi na hura masa wuta karon farko, da gawayin ƙirya irin na maƙera. Na zaunar da Baba kusa. Tukunya ta fara waƙa, murfin ya yi tsaki, na buɗe tururi. Shiru. Jirgi ya tsaya ƙiƙam kamar jakin da ya ga ruwa. Na ɗan tura shi da hannu, sai ya zabura, ya kama tafiya yana huci, hayaƙi na tashi, awaki suka haye juna. Wallahi sai da na yi tsalle, ni da girmana. Na juyo wurin Baba ina jiran yabo, sai na ga ya taɓe baki.

“Wanga ba jirgi ba ne.”

“Baba, ga shi yana tafiya!”

“Shina tahiya, ban hana ba. Amma haƙ-haƙ shika cewa. Biyu. Jirgi huɗu shika faɗi.” Ya buga gwiwarsa da tafin hannu a hankali. “Sai, ha, ƙu, ri. Ina sauran biyun ka kai su?”

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina tsohon da ko kusoshi bai taɓa ɗaurewa ba shi zai kushe mini aikin wata da watanni. Amma haushin bai kai magariba ba ya koma tambaya, don na kasa kunne na ji gaskiyarsa. Kowane fistan sau biyu yake numfashi kafin ƙafa ta zagayo, ɗaya in ya je, ɗaya in ya dawo. Fistan biyu, numfashi huɗu ke nan. To me ya sa biyu ke fita? Na kwance, na duba, ba inda ke yoyo. Na koma bidiyon na kalla har idona ya yi ja. Komai nawa daidai yake da nasu. Na tambayi Baba ko ya taɓa lura da yadda hannayen suke, ya ce shi ƙafafun ma bai cika kallo ba, buhu ke kan wuyansa, ƙasa yake duba.

Amsar a tsakar gida na same ta. Wata safiya uwarku da maƙwabciyarmu suna dakan fura a turmi ɗaya, suna lugude, wannan ta sauke waccan ta ɗaga. Ina alwala ina jin su, tim-tim, tim-tim. Can maƙwabciyar ta juya tana magana, hannunta ya ɓata, taɓarya biyu suka sauka tare. Ƙara ɗaya na ji. Na tsaya da buta a hannu. Ashe numfashin nawa huɗu ne cif, amma bibbiyu suke faɗowa tare, ɗaya na rufe ɗaya. Kuma na gane inda na samo kuskuren. Duk hoton jirgi da na gani, gefe ɗaya yake nunawa, ba mai iya ganin dama da hagu a lokaci guda. Da na zo ɗaura hannun hagu, ban ko tsaya tunani ba, na yi masa yadda duk ɗan Maraɗi zai yi: irin fedar keke, in ta dama na sama ta hagu na ƙasa. To keke ƙafa ke taka shi, sau ɗaya take turawa. Fistan kuwa turawa yake ya kuma jawo. Ba rabin zagaye ya kamata in raba su ba, rubu'i ne, don bugun wannan ya faɗo a tsakiyar shirun wancan. Shi ya sa ma yake ƙin tashi sai an tura shi: duka hannayen biyu suke miƙewa a lokaci ɗaya, ba mai taimakon wani.

Na yi murna kamar an yi mini bushara, sai dai gyaran ba ƙarami ba ne. Ƙafafun da zafi na cusa su a jikin sandarsu don kada su taɓa motsi, kuma ba su motsa ba. Sai an yanke sandunan, an fiƙe sababbi, an sake duk abin da ke buɗe wa tururi ƙofa. Ga shi lokacin dashen albasa ya zo, kowa a Jiratawa yana cikin laka. Ga Baba kuma ya fara barin tuwo, kunu kawai yake kurɓa, in ya tashi zuwa bayi sai an riƙe shi. Na auna, na ga hannuna biyu ne kawai. Albasa ba ta jira, wannan na sani. Amma da na dubi wuyan Baba yadda ya zama siriri, sai na ga akwai wanda ya fi ta gaggawa. Na je na ba wani maƙwabcin gona aron filin na rani ɗaya. Kun san sauran: rani ɗaya ya zama biyu, ya zama magana, ya zama zaman sulhu, har na gaji na bar masa. Na ji zafin filin nan, har yau in na bi ta wurin ina kau da kai. Amma ba wanda ya ruɗe ni, da idona buɗe na zaɓa.

Tasar kuwa ga yadda aka yi. Sababbin sandunan suna bukatar zoben tagulla da za su riƙa juyawa a ciki, na zaga kasuwa ban samu mai kyau ba, duk gauraye ne. Na dawo ina gunaguni ni kaɗai. Uwarku ta miƙe. Ta shiga ɗaki, na ji tana jan akwati, sai ga ta da tasar tagullar da ta gada wurin kakarta, wadda ko ku ba ta bari ku taɓa. Ta ajiye a gabana. Na ce mata a'a, wannan ta gado ce.

“Tun da anka ba ni ita tana cikin akwati, ba ta taɓa kai kowa ko'ina ba,” in ji ta. Sannan ta rage murya, ta nuna gindin bedi da haɓa. “Jiya na ji shi shina buga gwiwa shi kaɗai. Ka yi sauri, Malam.”

Tasar ta ba ni zobban, har ta yi saura na yi usur da shi.

Zafi ya fara shigowa lokacin da na gama. Ranar wata Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci. Na ɗauko Baba na zaunar da shi a kujera bakin dogo, na hura wuta, na jira. Da na buɗe tururi, ban taɓa shi ba, ya ɗaga da kansa sumul kamar an kira shi. Na bi shi a guje ina kasa kunne. Huɗu ne, ba shakka, amma can ƙasa-ƙasa, fis-fis-fis-fis. Na tsayar da shi na dawo wurin Baba.

“Baƙaƙen sun cika,” in ji Baba. “Amma raɗa shika yi. Mi ka ɗora mishi?”

Na ce ban ɗora komai ba.

“To shi da ba ya ɗauke da komi, haƙurin mi za shi ba wani? Wanda babu kaya ba ya magana. Sai mun cika shi maƙil, sannan shika buɗe baki.”

Nan ma gaskiyarsa, kuma da na yi tunani na ga dalili: in ba nauyi, tururi kaɗan ke shiga, kaɗan ke fita. Na riga na yi ɗan tarago na katako mai tsawo wanda direba zai zauna a kai. Na ɗaura shi, na ce bari in ɗauko buhun hatsi a ɗaki. Baba ya ɗaga hannu.

“Bar buhu. Ni za ka ɗora.”

Uwarku ta ce, “Baba, wuta ce fa a ciki, ga jikinku ba ƙarfi.”

“Ɗiyata, in na faɗi, ƙasa ba ta da nisa.”

Muka kama shi ni da ita muka zaunar a kan taragon. Na tsorata da rashin nauyinsa, mutumin da ya yi ƙuruciyarsa ƙarƙashin buhu. Na zauna a gabansa, gwiwoyina har kunne, na ƙara gawayi, na ja usur ɗin tasar uwarku. Sai na ji hannuwa biyu sun lalubo kafaɗuna sun riƙe. Tun ina yaro ban san taɓin hannun nan ba. Na buɗe tururi a hankali. Jirgin ya yi nishi, ƙafafun suka ɗan zame, suka kama, sannan daga hancinsa abin ya fito da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, a rarrabe, har bangon gida na amsawa.

Ku ƴaƴana, ni ba mai saurin yarda ba ne, kun sani. Na ji shi. Sai, ha, ƙu, ri. Sai haƙuri. Sai haƙuri. Tun daga ranar ban ƙara iya jin sa a matsayin ƙarar ƙarfe ba.

Muka wuce bedi. Uwarku na biye da mu tana salati tana dariya, kawunan maƙwabta sun jeru a katanga. Baba ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

“Duk shekarun da niy yi ina cika mishi ciki, ban taɓa hawa ba. Ko sau guda. Mu muka lodawa, shi ba mu haƙuri, shi tahi.”

Ban taɓa tambayarsa wannan ba, ni mai tambayar komai. Na ɗauka wanda ya san muryar jirgi haka ya sha yawo a cikinsa. Ɗakin awaki ya matso, na rufe tururi, muka tsaya.

“Direba,” in ji shi, “don mi ka tsaya?”

“Baba, dogon ya ƙare. Ga bango.”

“To koma da baya mu sake. Kano ba kusa ba ce.”

Muka yi ta kai da komowa tsakanin zaure da ɗakin awaki har gawayi ya ƙare. Baba bai ga damina ba, kafin ruwan farko muka kai shi makwancinsa a Tibiri. Amma a ƴan makonnin da suka rage masa bai ƙara ce mini “kai wanga” ba. Direba yake kirana, a gaban kowa.

Don haka in na bi shi, kada ku kira masu sayen tsohon ƙarfe su ɗora jirgin a sikeli. Ku yaye tantin, ku zuba ruwa mai kyau, ku duba ɗan murfin nan na sama yana motsi kafin ku kusanto da wuta. Kuma kada ku sake shi shi kaɗai ku ce ba ku ji komai ba. Ɗayanku ya zauna gaba, ya ɗauki uwarku a baya. Har yau ba ta hau ba, kuma tikitinta na nan.